Gidan Ƙarfen Tanko Baduku

Jiya ina kishingiɗe a gindin ɗorawa na ji ɗayanku yana cewa wai gidan ƙarfe ba aiki ba ne, itace ne kawai a rarake shi a yi masa ramuka. Ban tanka ba, don bakina cike yake da goro. Yau babu goro, sai ku matso. Turmi kun iya, akushi kun iya, ban hana ku ba. Amma duk wanda ya ce gidan ƙarfe ramuka ne, bai taɓa zama kusa da baduku yana aiki ba.

Kun dai san ƙarafan da dukawa ke buga ado da su a jikin fata. 'Yan guntaye ne, tsawon yatsa, kowanne da zanen da maƙeri ya fitar masa a fuska. Akwai mai ɗigo, akwai mai ido, da mai sarƙa, da mai ƙafar kaza, sai babba mai tauraro. Baduku ya ɗora fuskar a kan jar fata mai ɗan laima, ya buga kan ƙarfen da 'yar guduma, zanen ya zauna. Da su ake ƙawata gafakar malamai da bangon littafi da kuben takobi. In aka zuba su a jaka ɗaya sai su yi ta gogar juna har fuskokin su dakushe, damina ta zo tsatsa ta ƙarasa saura. Shi ya sa ake sassaƙa musu gida da murfi, kowane ƙarfe da ɗakinsa.

Na farko da aka ba ni na yi, ina saurayi ne a hannun Kawu Dogo, ƙanen mahaifiyata, wanda ya koya mini sassaƙa a nan Gozaki. Na riga na yi shekaru ina turmi da kujera, ina ganin babu itacen da zai gagare ni. Da ya ce ga aikin gidan ƙarfe, sai na ɗauko gizago ina wasa shi. Ya miƙo hannu ya karɓe, ya rataye a jikin danga.

Ya ce, "Tafi rumfar dukawa ka zauna."

Na ce, "In yi mi, Kawu?"

"Ka zauna. Kada ka kalli fata, kada ka kalli bakinsu, surutu ne da su. Hannu za ka kalla."

Na tafi ina ƙunƙuni. Kasuwa ta ci, wata ta sake ci, ina zaune kamar mai jiran gawa. Sai a hankali na fara gani. Baduku ba ya ajiye guduma, tana hannunsa na dama tun safe har ya tashi salla. Hannun hagu shi ke kai da kawowa, ya ɗauki wannan ƙarfe, ya mayar, ya ɗauki wancan, idon mutumin kuwa yana kan fata bai ko waiwaya ba. Ke nan gidan ƙarfe a gwiwar hagu yake zama. Kuma ba duk ƙarafan ne ɗaya ba. Mai ɗigo ana ɗaukarsa ba adadi, mai tauraro kuwa sai a wuni ba a taɓa shi ba. Wanda ake yawan ɗauka ɗakinsa zai zo daidai ƙarƙashin yatsu, ya zama mai faɗi, don baduku yakan ajiye irinsa biyu ko uku. Wanda ba a cika nema ba sai a kai shi can lungu. Da na koma na faɗa wa Kawu haka, bai yabe ni ba, shi ba ya yabo. Gizagona kawai ya sauko mini da shi.

Itacen da na fi so maɗaci ne, don gara ba ta cika sonsa ba. Da rani ake sara, a jefa ƙarƙashin rumbu ya shekara. Wanda ya yi gaggawa ya sassaƙa ɗanye, itacen zai yi gumi a ciki, ƙarafan su yi ja, baduku ya biyo shi har gida da zagi. Gunduma ɗaya ake fafewa, ba a haɗi. Gizago ya daidaita waje, ƙaramin ƙarfen rarake ya shiga ɗakuna, magagari ya bi gefuna, a goge da yashi, a shafe da man kaɗe. Bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki in ya yi kauri ya ci wuri, in ya yi siriri ya tsage. Ƙasan ɗakin kuma ba a shimfiɗe ake yinsa ba, gangare ake ba shi, yadda kan ƙarfen zai ɗan ɗago, yatsa ya shiga ƙarƙashinsa. Gangaren nan ɓangaren da hannu ke zuwa yake kallo. Ku riƙe wannan.

Wani baduku daga Maska ya taɓa zuwa, mai ƙasaita, da rawani kamar zai je ɗaurin aure. Ya rantse mini cewa shi mai tauraro ne abincinsa, a sa shi a gaba. Na karɓi ƙarafan na duba. Kan mai tauraron sumul, kamar jiya aka sauke shi daga maƙera. Mai ɗigo kuwa kansa ya baje don duka. Na ce masa to, na sassaƙa yadda na gani, ba yadda ya faɗa ba. Ya karɓa yana fushi, ya tafi. Bayan damina ya aiko mini da takalma. Mutane sukan faɗi aikin da suke so a san su da shi, shi ya sa nake duba kan ƙarfe kafin in saurari mai shi.

Haka na yi ta yi, daga nan har Malumfashi babu rumfar dukawan da ba ta da aikin hannuna. Ban yi arziki ba, amma ban kwana da yunwa ba, sai shekarar fara.

A shekarar nan gero ya kusa isa yanka, dawa ta fitar da kai, sai ga fara sun rufe rana. Kafin su tashi gonaki sun koma kara tsirara. Wa zai sayi turmi alhali babu abin dakawa? Na koma gyaran ƙotar fartanya ana biyana da gwaza. Dukawa ma haka, mai neman abin kaiwa baka ba ya tambayar ado. Rumfar da a da ba ka jin komai sai guduma da dariya ta koma shiru, kowa na hararar duk mai sayen da ya tsaya a gaban ɗan'uwansa.

A tsakiyar rumfar akwai wani Tanko, wanda ya zo daga ƙasar Zazzau da matarsa da 'ya'ya, Sarkin Dukawa Jatau ya ba shi wurin zama. Mutum ne shiru-shiru. Aikinsa a rumfa ba abin a zo a gani ba ne, ga nawa, ga karkata, kamar na ɗan koyo. Amma lokaci-lokaci sai ya fito daga gida da gafaka a hammata, wadda in ka gan ta sai ka ƙi mayarwa. Zanen a miƙe, zurfinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Da ana ƙoshi, tsokanarsa kawai ake yi wai matarsa ce ke yi masa. Da yunwa ta zo, tsokanar ta canza launi.

Wani malami daga Matazu, Malam Isiyaku, ya ga ɗaya daga cikin gafakun nan a hannun wani bafatake. Ya tako har Gozaki, ya wuce kowa a rumfar, ya ba Tanko aikin gafaka da bango na dukkan littattafansa, biyan kuwa da hatsi. A shekarar nan aiki irin wannan shi ne ran gida guda. Tanko ya ga aikin da yawa, ƙarafansa kuma a tsumma suke, sai ya zo wurina in yi musu gida.

Na je na zauna kusa da shi kamar yadda na saba. A nan na rikice. Hannun kowane baduku yana da hanyarsa, kamar turbar da awaki ke bi zuwa rafi. Na Tanko babu. Hagunsa in ya je ɗaukar ƙarfe sai ya wuce shi, ya dawo yana lalube. Gudumar kuma yana riƙe da ita kamar aro ya yi. Na ce ya ba ni ƙarafan in auna. Da na kai su gida na jera su a rana, sai na ga kawunansu duk sun baje, wato suna shan duka sosai, amma bajewar ta kwanta ta ɓangaren da ba nan ta saba kwantawa ba. Inda babban yatsa ke gogewa har ya yi sheƙi, shi ma a ɗaya gefen yake. Na auna su da guntayen kara na mayar masa.

Kafin in gama tunani magana ta fashe. Iro, wanda ke zaune a hagun Tanko, kuma shi ya sa rai da aikin malamin, ya tashi a gaban Sarkin Dukawa ya ce Tanko sayo gafakun nan yake yi daga Zazzau yana cewa nasa ne. Ba na zargin Iro ƙwarai, yana da bakuna da yawa a gida, kuma abin da ido ke gani ya faɗa. Amma a wurin dukawa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya sayar da aikin wani da sunansa, tashinsa ake yi daga rumfa, kuma babu kasuwar da za ta zaunar da shi a ƙasar nan. Jatau ya yanke cewa ran kasuwa mai zuwa Tanko zai buga gafaka ɗaya a gaban kowa, da malamin a zaune. In ta yi kama da waɗancan, shi ke nan. In ba ta yi ba, ya naɗe buzunsa.

Washegari da hantsi na nufi gidan Tanko. Tun daga bakin zaure na jiyo guduma daga can cikin gida, tana sauka da sauri, daidai wa daida, babu tangarɗa. Na tsaya na sha daɗin sautin kafin in yi sallama. Ina yin sallama ta ɗauke. Ya fito yana goge hannu a riga. Muka gaisa, sai na kama hagunsa na juya tafin. Ga kanta nan ta riƙon guduma, tauri kamar ƙahon rago.

Na ce, "Tanko, ashe bahago ne kai."

Ya waiga ya ga ba kowa, ya zauna a dakali.

Ya ce, "Mati, ka rufa mini asiri. Ubana baduku ne. Tun ina yaro da ya ga ina kai hagu, sai ya ɗaure mini shi da igiya a ƙugu. Ya ce hannun da ake kama ruwa da shi ba zai buga abin da za a sa littafin Allah a ciki ba. A gabansa na koyi dama, a bayan rumbu na koyi hagu. Daman nan har yau bai yarda da ni ba."

"To ran kasuwa fa?"

"In na yi da dama, a ce ɓarawon aiki ne. In na yi da hagu, malam ya janye aikinsa, sauran malamai su ji su ma su janye. Ko ta ina yaran nan ba su da tuwo."

Na ce, "Ni dai tambayata ɗaya. Wane irin gida zan sassaƙa maka?"

"Irin na kowa."

"Ba ni yi."

"Haba Mati."

"Ba ni yi, Tanko. Tun da nake ban taɓa sassaƙa wa hannun da ba ya aiki gida ba, ba kuma a kanka zan fara ba."

Kun san halina, in na kafe sai Allah. Na dawo gida na jawo gundumar maɗaci mafi kyau da ta rage mini a ƙarƙashin rumbu. Komai na yi shi a juye. Babban ɗakin mai ɗigo na kai shi gefen hagu na gidan, inda zai kusanci mutum in an ajiye a gwiwarsa ta dama. Mai sarƙa na biye da shi, don na ga shi ne na biyu a bajewar kai. Mai tauraro can lungun dama. Gangaren kowane ɗaki na juya shi. Aikin ya ba ni wuya, don nawa hannun ma ya saba da hanya ɗaya, sai na riƙa tsayawa ina gwadawa da guntayen karan nan. Da na shafe shi da man kaɗe ya yi kyau har na ji ba na son rabuwa da shi. Sai dai duk badukun da ya kalle shi da kyau ya san na bahago ne.

Ran kasuwa na iske an riga an zauna. Jatau a kan buzunsa, Malam Isiyaku a gefe da carbi, dukawa a jere, ga 'yan kallo. Tanko ya shimfiɗa jar fata a kan dutsen bugu, ƙarafansa a tsumma ta hagu, guduma a dama. Ya fara jan sarƙa a gefen fatar. Tun ba a je ko'ina ba ta fara karkacewa. Iro ya yi gyaran murya. Gumi na ɗiga daga haɓar Tanko.

Na ratsa mutane na durƙusa, na gaida Sarki, na gaida malam. Na kwance ƙyallen da na naɗo gidan a ciki. Na kwashe ƙarafan daga tsumma ɗaya bayan ɗaya, kowanne na sa shi a ɗakinsa, sannan na zagaya na ajiye gidan a gwiwar Tanko ta dama.

Iro ya yi dariya ya ce, "Yunwa ta taɓa Mati. Ya sassaƙa gida a juye, ya kuma ajiye a juye."

Jatau bai yi dariya ba. Ya dubi gidan, ya dubi Tanko, ya dube ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yadda na ga hannu haka na yi."

Kallon da Tanko ya yi mini ba zan manta da shi ba. A nan na ji tsoro sosai. Taurin kaina ne ya kawo ni, amma tuwon da ke kan faifai ba na 'ya'yana ba ne. In abin ya ɓaci, ni zan koma gida in ci gwazata, shi ne zai ɗauki kaya a ka.

Tanko ya dubi fatar. Can sai ya ce bismillahi a hankali, ya mayar da guduma hannun hagu. Damansa ya sauka a kan gidan, yatsunsa suka faɗa ɗakin mai sarƙa ba tare da ya duba ba. Ya juya fatar ta gefen da bai ɓata ba, ya fara.

Ku da kuke cewa ramuka ne, da ma kuna wurin. Hannun na zuwa yana dawowa, ƙarfe na fita ɗaki yana komawa, idonsa bai bar fata ba ko sau ɗaya. Sarƙa ta zagaye gefe ta haɗe da kanta ba a ga mahaɗa ba. Ido ya bi, ƙafar kaza ta bi, ɗigo ya cike tsakani kamar an shuka. Masu awo suka bar mudunsu suka zo, mahauta ma suka leƙo. Da ya kai hannu lungu ya ɗauko mai tauraro ya buga a tsakiya, ya ajiye guduma, babu wanda ya tambaya ko aikin nasa ne. Kowa ya gani.

Iro ne ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Nashi ne, na yarda. Amma da hagu fa. Allah gafarta malam, littafi za a sa a ciki."

Kowa ya juya wajen malamin. Ya sa aka matso masa da fatar, ya duba, ya shafa zanen da yatsa, ya ɗaga ta a haske. Bai yi gaggawa ba, har na fara jin haushinsa.

Ya ce, "Tanko, da wane hannu kake cin tuwo?"

"Da dama, Allah gafarta malam."

"Da wanne kake gaisawa da mutane?"

"Da dama."

"In ka gama gafakar, da wanne za ka miƙo mini?"

"Da dama."

"To ni iyakar abin da zan tambaye ka ke nan. Wanda ya yi maka daman shi ya yi maka hagun. Saura kuma a yi su kamar wannan, kada a rage mini komai."

Wani daga baya ya ce madalla. Amma saura hukuncin Sarkin Dukawa, rumfar kuwa tasa ce. Ya tauna goronsa, ya tofar, sannan ya nuna Tanko da sanda.

Ya ce, "Tashi daga nan."

Tanko ya sunkuyar da kai, ya rufe gidan ƙarfen, ya fara naɗe buzu. Na buɗe baki zan yi magana, Jatau ya ɗaga mini hannu, ya ci gaba da yi wa Tanko magana.

"Koma can ƙarshen rumfa, inda babu kowa a hagunka. Tun ɗazu gwiwar hannunka ke neman haƙarƙarin Iro, shi kuwa bana ba shi da naman tarewa."

Dariya ta ɓarke, har da Iro. Tanko ya rungumi gidan ƙarfensa a ƙirji ya tafi ƙarshen rumfa ya shimfiɗa buzu. A nan ya zauna har furfura ta rufe shi, gudumarsa a hagu, a gaban kowa.